Goyo Zuwa Gindin Tuffa

Katangar da ta raba bayan gidanmu da na maƙwabciyarmu a unguwar Longsight iyakarta ƙirjina, saboda haka ko ban yi niyyar leƙe ba sai na gani. Ni kuwa, a faɗi gaskiya, ina da niyyar. Ba mu daɗe da tarewa ba na fito shanya da safe, sai na hango ta, tsohuwar Baturiya, durƙushe a gindin bishiyar tuffa, tana tsiyaya madara a ƙasa tana magana ƙasa-ƙasa. Na kwashe kayana jiƙe na koma ciki. Na ce wa maigidana, wanda karatunsa ne ya kawo mu ƙasar, "Duk faɗin Manchester ka rasa inda za ka kama mana haya sai jikin matsafiya?" Ya ce wataƙila taki take ba bishiyar. Namiji ke nan. Ni na san tsafi idan na gan shi, domin a gidanmu ba labarinsa muka ji ba.

Kakata ta wajen uba Bamagujiya ce, sai da ta aurar da 'ya'yanta sannan ta musulunta. Duk da haka, idan lokacin girbi ya yi, sai a neme ta a rasa, ta ɗauki 'yar ƙwaryarta ta nufi wata tsamiya a bayan gari. Ranar da mahaifina ya gan ta da idonsa bai yi mata faɗa ba, uwa ce. Zama ya yi a zaure yana kuka, ina ƙarama ina kallonsa. Ban taɓa ganin kukansa ba kafin nan, kuma daga ranar ba a sake tayar da maganar a gidanmu ba. Da wannan tsoron na girma, da shi na hau jirgi.

Na kafa wa yarana doka: ko alewa ta miƙo kada wanda ya karɓa. Dokar ta yi aiki har zuwa sanyin farko, lokacin da injin ɗumama gidanmu ya mutu, mai gidan haya kuma ya daina ɗaukar wayarmu. Tsohuwar ta ji tarin autata ta bango. Sai ga ta a ƙofa da hitar ɗumama ɗaki a hannu da barguna, ta ce in ba ta wayar. Ban san me ta gaya wa mutumin ba, Turancin ya yi mini sauri, amma washegari mai gyara ya zo. Da Babbar Sallah na miƙa mata soyayyen nama ta katanga, ta ce rabonta da nama tun tana budurwa. Na ce to wannan ai shi ne babban tsafin. Ta yi dariya har da riƙe katanga. Daga nan na koma kai mata ƙosai.

Iya nake kiranta. Ta tambayi ma'anar, na gaya mata, ta ce ta karɓa. A ɗakin karatu na unguwa ta yi aiki har shekarun nan da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata, aka sallame ta. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ba su haihu ba. Gidanta cike yake da kyandir da ganyaye a rataye suna bushewa, da jan zare mai ƙulli-ƙulli a jikin taga. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye ta kai tsaye, wa take zuba wa madarar nan? Ta ce ƙasa uwa ce, kuma tsibirin nan yana da tsofaffin iyayengiji tun kafin coci ta zo, sannan akwai matattu. Ba gada ta yi ba, da girmanta ta nemo hanyar, ita da wasu abokanta da suke haɗuwa a Birmingham idan yanayin shekara zai juya. Abin ya ɗaure mini kai. Mu muna ɓoye kakarmu saboda kunya, ga mai ilimi ta bi littattafai tana neman abin da muka guje wa.

Na yi mata wa'azi, ba sau ɗaya ba, domin tsakani da Allah ina jiye mata wuta. Takan saurara har in gama, ta ƙara mini shayi. Da maigidana zai kare kundinsa a gaban malamai, ta tambaye ni ko ta kunna masa kyandir. Na ce a'a. Ta ce to ba za ta kunna ba, kuma na yarda ba ta kunna ɗin ba. Idan azumi ya matso, ita ce mai ce mini jinjirin wata ya kusa, domin ba ta da abin kallo da ya wuce wata.

A shekararmu ta ƙarshe a layin, shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Da aka sallamo ta daga asibiti, a saman bene aka ajiye ta saboda can banɗaki yake. Hannun dama ya tafi, na hagu yana rawa, ƙafa kuma sai ja. Hukumar gari ta turo masu kula da ita, safe da yamma, mata ne masu kirki amma a guje suke shigowa a guje suke fita, an ƙayyade musu lokaci, an kuma hana su ɗaga mutum. An yi mata alkawarin kujerar da ke sauka da mutum daga bene, aka ce ta jira layi. Ni ke kai mata abincin rana. Daga gadonta tana iya hango saman bishiyar, amma ba ta ganin gindin.

Ranar ƙarshe ta watan Oktoba ita ce babbar ranarsu ta tuna matattu. A ranar ne na san ƙone gawar mijinta aka yi, tokar kuma a gindin tuffar nan take. Na tuna tuffa nawa yarana suka ci daga bishiyar. Ta ce tun da ya mutu ba ta taɓa barin ranar ta wuce ba, alkawari ta yi masa yana kan gadon asibiti. Ƙawarta da za ta zo daga Birmingham ta bugo waya cewa an sauya mata ranar aiki, ba halin ta ƙi. Iya ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, "Madarar tana firiji. Zubawa kawai za ki yi, ba sai kin ce komai ba."

Na ce, "Iya, ki aike ni ko'ina. In wanke ki, in kwashe miki bayan gida, duk zan yi. Wannan kam ba zan iya ba. A wurinmu babu zunubin da ya kai shi."

Ta ce, "Na sani. Bai kamata in tambaye ki ba." Ta juya fuskarta bango. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na koma gida na gaya wa maigidana. Ya ce na yi daidai. Na hau shi da faɗa, ya tsaya yana kallona, ya ce shi fa goyon bayana ya yi. Na ce na sani, shi ne abin da ya ba ni haushi. Na shiga kicin ina ta buga tukwane. Imanina ba abin ciniki ba ne, ko don Iya. Amma rana tana yin ƙasa, a wannan lokacin kuwa da an yi la'asar duhu ya kawo kai, ga tsohuwa can sama tana kallon alkawarinta yana wucewa saboda matakala. Na yi sallar la'asar, na buɗe akwati na ɗauko zanen atamfa mai ƙwari da majanyin da na goyi yarana duka da shi.

Maigidana ya ce, "Kin san taimakawa a kan saɓo shi ma saɓo ne."

Na ce, "Ƙafa zan ara mata, ban da hannu."

Ya ce bai san wannan fatawar ba. Na ce ni ma ban san ta ba, na fita.

Iya ba ta taɓa ganin an goyi babba ba. Na zaunar da ita a bakin gado, na juya mata baya, na ja ta ta kwanto, na yafa zanen na ɗaure a ƙirji da ƙugu, na ƙara majanyi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, buhun shinkafar da nake ɗaukowa daga shagunan Stockport Road ya fi ta.  Matakalar gidajen nan a tsaye take ga ƙunci, na sauka da baya-baya ina riƙe da ƙarfe ina bisimilla, ita kuma tana dariya a wuyana tana cewa rabon da a ɗauke ta haka tun tana jaririya, zamanin yaƙin duniya. A kicin ta nuna mini wani kofin tangaran mai shuɗin baki. Na ajiye shi a kan tebur da kwalbar madara a buɗe, na matsa kusa, ta zuba da kanta, rabi a kofi rabi a tebur. Ta maƙale yatsunta a hannun kofin, ta ɗora shi a kafaɗata.

An yi yayyafi, ƙasa duk ta jiƙe, ba inda zan sauke ta, kuma ko na sauke ta ba za ta iya zama ba. Na tsaya a gaban bishiyar da ita a bayana. Ta fara maganarta a hankali, tana kiran sunan mijinta. Ni kuma ina karanta Ƙulhuwallahu a zuciyata, ina maimaitawa. Ina jin bugun zuciyarta a bayana. Da ta gama, ta yi ƙoƙarin karkata kofin, wuyan hannun ya ƙi juyawa. Ta sake gwadawa, madarar tana ta rawa a gefen kunnena.

Ta ce, "Ɗan sunkuya kaɗan, sai ya zube da kansa."

 Sunkuyawa da goyo ba komai ba ce, na yi shara da wanki a haka. Amma wannan a gaban bishiya ne, da hadaya a kafaɗata, kuma ni na san wa nake yi wa ruku'u.

Na ce, "Iya, ba zan sunkuya wa bishiya ba."

Na ɗauka za ta roƙe ni, kuma wallahi ban san abin da zan yi ba idan ta roƙa. Ba ta roƙa ba. Sannan ta ce, "Tsaya yadda kike." Ta miƙa hannun gaba iyakar ƙarfinta, ta buɗe yatsunta. Kofin ya faɗa kan saiwa ya tarwatse, madarar ta fantsama har kan takalmina, ta bi ƙasa ta shige.

Ta ce, "Ya isa. Mayar da ni, sanyi nake ji."

Hawan ya fi saukar wuya. Muna tsakiyar matakala, na tsaya in huta, na ce mata gobe zan tsince fasassun in sayo mata wani kofin a kasuwa. Ta ce in bar su a inda suke. Da shi mijinta yake shan shayi kullum da safe, shi ne abu na ƙarshe nasa da ya rage a gidan.  Na gyara ɗaurin majanyin, na ci gaba da hawa da ita.