Doguwar Fitila a Hanyar Ɗauko Iyalina

Muna sallame sallar asuba muka bar Anka ranar Juma'ar da ta wuce, ni da direba, a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, da buhunan gishiri a baya waɗanda za a sauke a Gummi. Wasunku sun san abin da ya fitar da ni. Maiɗakina ta tafi goyon ciki gidansu, wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum can bayan Zugu, ta haifi ɗiya mace. Aka yi suna ban je ba saboda hanya ba ta biyuwa, har suka yi arba'in ban ga fuskar ɗiyata ba. Sai ga saƙo ta bakin wani mai babur, tunda garin ba sabis ɗin waya: mutanen unguwarsu sun gaji da kwana a daji saboda ɓarayi, ranar Asabar da sassafe za su tashi a ƙafa zuwa wajen dangi a ƙasar Kebbi. In na kai mota kafin nan, ita da Inna, mahaifiyarta, za su biyo ni. In ban kai ba, za su bi ayari.

Mai babur ɗin ya ƙara da wani gargaɗi. Duk motar da magariba ta riska kafin ta shiga garin, sai ta tsaya gindin kukar da ke wannan tsallake na fadama, ta kunna doguwar fitila ta kashe har sau uku. Masu gadin gari za su amsa da tocila. Motar da ta doso babu wannan alama, ba sa tsayawa tambayarta daga ina take.

Ba mu yi nisa da gari ba direba ya ja makunnin da ke jikin sitiyari. Shiru. Ya sake ja. Gajeriyar fitila na nan tana haska ɗan gabanmu, amma doguwar ta ƙi, dama da hagu, ko ɗan shuɗin hasken nan da ke nunawa a gaban direba bai kama ba. Ya daki dashbod da tafin hannu, wanda shi ne maganin farko a wurin duk direban da na sani, bai yi amfani ba. Haka muka yi ta rarrafe. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi a gefen titi, kuma abin da idonka bai kai gare shi ba zuciyarka ke cika shi da mutane. Ban taɓa marmarin fitowar rana kamar wannan safiya ba.

A Daki Takwas muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu, mai suyar kuma ta ce mu tambayi masu wake da mai. Direba ya buɗe bonet ya ciro ƙwan fitila ɗaya ya ɗaga shi sama yana kallo. Zare biyu ne a ciki, na gajere da na dogo, duka lafiya lau. Ya ce dama da wuya ƙwai biyu su mutu lokaci ɗaya, ciwon yana can ciki. Daga nan zuwa Gummi muka wuce gonakin gero da aka girbe, da wasu da aka bari tsuntsaye na ci, masu su ba su dawo ba. Muka wuce wani ƙauye da babu ko kaza, sai ƙofofi a buɗe.

Masu sauke gishiri ba su gama ba sai dab da sallar Juma'a. Ni dai na matsa mu wuce haka nan, in mun yi sauri za mu shiga da rana, ba ruwanmu da fitila. Direba ya dube ni ya ce, "Ango, in laka ta riƙe mu magariba ta yi, da mi za mu gaishe su? Da haƙoranka?" Ban ji daɗin maganar ba, amma na haƙura. Sai da aka sauko daga masallaci muka sami mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, wani dattijo mai furfura da ke aiki a rumfar kwano kusa da tasha.

Na zauna a kan tsohuwar taya ina kallon aikinsa da kallon inuwa tana tsawo. Bai yi gaggawa ba. Ya fara da ɗan abin gwajinsa, ƙwan fitila ƙarami mai waya biyu. Ya taɓa bayan fitila ya ce direba ya ja makunni, wuta ba ta iso ba. Ya duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya kankare tsatsa, ya ɗaure ta, duk da haka shiru. Sannan ya buɗe akwatin fiyus da ke ƙarƙashin sitiyari, ya zaro ɗaya, ya daɗe yana kallonsa. An naɗe shi da zaren jan ƙarfe.

"Wa yay yi wannan aika-aika?" in ji shi.

Direba ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, wata biyu da suka wuce ne ya ƙone mini a daji, na ɗaure shi in iso gida."

"Ka iso gida, ka kwana, ka tashi, ka manta. Kai da gidanku wa ya fi wani nisa?"

Ya yi mana bayani a hankali. Shi fiyus an yi shi ne don ya ƙone in wuta ta yi yawa, ya tsare na gaba da shi. Da aka ɗaure shi da waya ya daina ƙonewa, sai zafin ya wuce ya sauka a kan rile, wani ɗan baƙin akwati da ke buɗe wa doguwar fitila wuta. Ya sa ni na ɗora yatsa a kansa, direba ya ja makunni. Ya ce da yana da rai da na ji ya yi ƙas. Ban ji komai ba. Da ya zare shi, gindinsa ya narke, yana warin ƙonannen roba. Ya bi wayar da hannu har ya sami inda ta goge a jikin ƙarfe, asalin ciwon ke nan, ya naɗe ta, ya sa sabon fiyus.

Saura rile. Na ƙananan motoci ne kawai a rumfarsa, na babbar mota kuwa mai shagon da ke sayarwa ya rufe ya tafi jana'iza. La'asar ta yi. Na ji idona ya kawo ruwa, na juya baya kamar ina duba taya. Na ga maiɗakina a raina da goyo a baya da ƙullin kaya a ka, tana waiwayen hanyar da ban biyo ba.

Dattijon ya sake leƙa akwatin ya ce wa direba, "Na hon ɗinka iri ɗaya ne da shi. Zaɓi, ko ka yi ihu ko ka gani."

Wanda ya san direbobinmu ya san abin da aka roƙe shi. Wannan mutum da hon yake gaisuwa, da shi yake faɗa, da shi yake sanar da matarsa ya shigo unguwa. Amma direba ya ce, "Cire, Baba." Aka mayar da shi gurbin wancan. Ya ja makunni, na ji ƙas a ƙarƙashin yatsana, haske ya bugi bangon rumfar ko da rana ba ta faɗi ba.

Muka kama hanya. Bayan mun bar kwalta laka ta riƙe mu sau biyu, wasu manoma masu komawa gida suka tura mu. A wani kwari garken shanu ya tare hanya, direba ya danna hon bisa sabo, babu sauti, sai ya leƙa ta taga yana roƙon makiyayin da Allah da Annabi. Makiyayin ya kaɗa su a natse, yana mamakin babbar mota mai ladabi.

Duhun magariba ya rufa muna isa gindin kukar. Direba ya kashe inji, ya yi bisimilla, ya ja makunni sau uku. Hasken ya ratsa fadama har ya taɓa katangar gari. Muka jira. Kwaɗi kawai ke kuka. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya, na koma farko. Can sai wani ɗan haske ya kama a kan katanga, ya mutu, ya kama, ya mutu, ya kama.

Kwana arba'in ina tsara kalaman da zan faɗa mata, masu daɗi irin waɗanda ake rubutawa a takarda a fesa turare. Da na gan ta a tsakar gida, ta rame, kayansu a ɗaure a bakin ƙofa, ba ko ɗaya da ya zo bakina. Ita ce ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na durƙusa gaida Inna, kaina a ƙasa don kunya. Ba ta bari na gama ba ta ɗora mini jaririyar a cinya ta ce, "Riƙe abarka, ɗan nan, mun gaji da yi maka gadi." Aka matso da fitilar ƙwai. Tana barci, hannunta a dunƙule.

Da safe muka loda gero da tukwane da akuya biyu, da tsofaffi huɗu da ba za su iya tafiyar ƙafa ba. Sauran suka bi ta daji, muna kallonsu har ciyawa ta rufe su. Inna ta kulle ɗakinta ta ɗaure makullin a bakin zane, ba ta waiwaya ba.

Mun shigo Anka da azahar lafiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ɗan gyaran wucin gadi da mutum ya yi ya manta yana iya raba wani da iyalinsa, kuma wanda ya hana ka gaggawa ba lallai maƙiyinka ba ne. Ina rubuta wannan ɗiyata na kuka a ɗaki, Inna na rarrashinta. Waɗanda suka bi ta daji har yanzu ba mu ji labarinsu ba. Ku sa su a addu'a.