Malam Ilu da Laburaren Ƙasa

Ku da kuka san Malam Ilu kun san bai taɓa buɗe laburaren garinmu ba sai ya zagaya ginin tukuna, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, yana kasa kunne kamar mai sayen tukunya a kasuwar Sabuwa. In sautin ya yi masa, sai ya ce, "Madalla, ya kwana lahiya." Mu kuwa 'yan uwansa sai mu yi sati bai tambayi kwananmu ba! Ni taubashinsa ne, ɗan kawunsa, don haka ba mai hana ni tona shi yau.

Ginin tun na zamanin En'e ne, na tubali, da rufin azara da zankwaye huɗu. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, shi ya sa ko a tsakiyar bazara ciki sanyi ƙalau. Bakan gizo biyu ne suka ɗauke rufin zauren karatu, tagogin kuma 'yan mitsi-mitsi can sama. Tun Malam Ilu yana saurayi makullin ke hannunsa har ya yi furfura, kuma tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada wata damina ta kayar da ginin nan yana raye.

Wata rana wani babban jami'i ya zo rangadi daga Katsina, sau-ciki a ƙafa yana ƙwas-ƙwas. Malam Ilu ya tare ƙofa.

"Ranka shi daɗe, takalmi waje."

"Malam, ka san ko ni wane ne?"

"Ni na sani sarai. Daɓen ne bai sani ba."

Wallahi da safa mutumin ya gama rangadinsa, safar ma hujajjiya a babban yatsa.

Aron littafi da damina kuwa, sai wanda ya shirya. Ba ya ba ka sai ya bi ka gida ya duba rufin ɗakinka. Ni da nake jininsa na nemi wani ɗan littafin kiwon kaji, ya biyo ni har gida, ya ɗaga kai ya ga kwanon da matata take tarar yoyo da shi.

"Sani, littahi ba ya kwana nan."

"Haba Malam! Ni da iyalina fa nan muke kwana."

"To mi? Ku in kun jiƙe kuna bushewa."

Kajin nan dai da ka na kiwata su, rabinsu suka mutu, har gobe ina ganin da hannunsa a ciki.

Babban yaƙinsa shi ne da siminti. Kowace shekara kafin ruwan fari sai ya tara magina a yi yaɓe, a jiƙa makuba a shafe, a share indararo. Sai ga ɗan kwangila an turo, wai za a lulluɓe ginin da siminti ya zama na zamani. Malam Ilu ya ce, "Bangon ƙasa numhwashi yakai. Ka toshe mashi hanci, ruwa shi shiga shi rasa hanyar hita." Ɗan kwangila ya yi dariya, ya ce ai injiniya ne ya zana masa aikin. Malam Ilu ya shimfiɗa tabarma a gindin bango, nan yake wuni, nan ake kawo masa fura. Amma suka yi masa wayo. Ranar da ya tafi jana'iza garin Ruwan Godiya suka shafe bangon gaba fes, har da fenti.

Damina biyu aka yi. A ta uku simintin nan ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ya faɗo rim, ya tafi da ƙasar bango mai yawa. Kun zaci zai yi kuka? Ina! Kujera ya fito da ita ya zauna kusa da ɓaraguzan, ya hana a kwashe har kwana uku. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Bismillah, zo ka ga aikin injiniya." Sai da kowa ya gani, sannan ya kira maginansa suka cike ramin da ƙasa.

Daga baya aka kwashe littattafan zuwa sabon gini na bulo a bakin titi. Tsohon ya zama ma'ajiyar taki, ƙarshe aka sa masa kwaɗo. Malam Ilu ma aka sallame shi ya yi ritaya. Muka ce to, ya huta. Ashe mu ne ba mu san shi ba. Bazara na yi sai ga shi a tsohon ginin da tsani da kwandon makuba, ba wanda ya aike shi. Matarsa Inna Lami ta ce, "Malam, katangar gidanka ta tsage, akuya na shiga." Ya ce, "Akuyar taki ce, katangar tawa ce, mu sasanta. Wancan ba shi da kowa."

A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi. Ya rame ƙwarai, magana da ƙyar. Ya yafito ni, na sunkuya, ina tsammanin wasiyyar iyali ce. Ya ce, "Indararon gabas ya toshe. Kak ka bari ruwan hwari shi iske shi haka." Na yi dariya, na ce ni tela ne, me ya haɗa ni da indararo? Bai yi dariya ba, hannuna kawai ya riƙe.

Bayan kwana huɗu ya rasu. Washegarin sadakar uku hadari ya fara haɗuwa, na ari tsani na hau, da shekaruna da ciwon gwiwata. Gaskiyarsa ne, sheƙar tsuntsu da tarkace sun toshe shi tam. Ina cirewa ina hawaye, don na yi kewar mutumin nan fiye da yadda na zata. An sheƙa ruwa da la'asar, na tsaya a ƙasa ina kallo yana zuba ta indararon, ginin ko gezau.

Allah Ya ji ƙanka, taubashina. Ya yafe maka kurakuranka, Ya saukar da kai a gidan da ba ya neman yaɓe. Amin.