Direban da zai cece ni

Jama'a, yau an turo ni in ceci kaina!

Da safe na ɗauko tumatir kwando tamanin daga Gummi zuwa Gusau, aikin da dillalin kaya ya ba ni ta manhajar nan ta raba lodi. Saura kaɗan in shiga Anka, giya ta ƙi shiga. Mota ta mutu murus! Ga rana kamar wuta.

Na kira dillali. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, yanzu zan sa aikin a manhaja, wata mota ta kwashe."

Ashe wanda ya karɓa ba shi da mota, ya tura wa wani a Bukkuyum. Shi ma ya tura gaba.

Can wayata ta yi ƙara. Sabon aiki: kwashe tumatir kusa da Anka. Na ce wani ma ya shiga irin halina, Allah sarki.

Sai ga kiran Inna Kulu mai kayan, muryarta har rawa take don murna. "Ɗana, an samu direba! An ce yana dab da kai. Ka gane shi?"

Na duba lambar motar da aka turo cewa ita za ta kwashe kayan. Tawa ce! Wallahi tawa!

Inna ta ce, "Ya iso?"

Na ce, "Inna, tun safe yana nan."

Yanzu ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan bodi. Don Allah duk mai mota babu kaya tsakanin Gummi da Anka, ya kira ni kai tsaye. Kada wanda ya tura wa wani!