Baƙin Mai a Jikin Garwar Madara

Duk wanda ya tashi a unguwannin gabashin garin Tahta na ƙasar Masar ya san kukan babur ɗin Shahat mai madara tun kafin ya san sunan mai shi. Dogon mutum ne ramamme, da rawanin da kullum ke karkace kamar yanzu zai faɗo. Da an sallame sallar asuba yake bin gidajen ƙauyensu, matan da suka tatsi shanu da jamusa, wato ɓaunar gida, su juye masa a garewani, ya rataya su dama da hagu ya nufi gari. Ubansa da jaki ya yi wannan hanya. Shi kuma da keke ya gaje ta, sai da gwiwoyi suka fara ba shi haƙuri sannan ya sayi babur ɗan China. Gona dai ba shi da ita. Ɗansa guda yana can Libiya yana leburanci, ko waya sai an ga dama. Hanyar nan ita ce duk abin da ya mallaka, kuma kowa ya san halin hanyar madara: ƙofar da ka yi wa fashi, gobe wani ne zai ƙwanƙwasa ta.

Matarsa Badariyya ce ta fara ganin ɗigon baƙin mai a daɓen zaure, inda babur ke kwana. Ya ce ta bar shi, tsufa ne, shi ma ai idonsa na zubar da ruwa. To, ashe sarƙar babur na kwasar man nan tana fesa wa garewanin hagu. Daga garwa ya shafi hannu, daga hannu ya shafi gwangwanin awo. Ranar nan Hajiya Ni'imat, wadda tun zamanin ubansa suke ba ta madara, ta zuro kwandonta da igiya daga bene kamar kullum, ta ja tukunyar sama, sai ta leƙo tana yatsina fuska.

"Shahat, yau kuma jamusar taku fetur ta sha?"

Ya yi dariyar yaƙe. Yana gama rabo ya wuce garejin Usta Milad, bakanike mai zanen gicciye a wuyan hannu, wanda suka yi firamare tare, kuma tun daga lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"Me ya sami jakin naka?" in ji Milad.

"Fitsarin kwance yake, Usta. Duba min shi don Allah."

Milad ya wanke injin tas da kananzir, ya bari ya bushe, ya barbaɗe shi da garin alli har ya yi fari fat, sannan ya tayar ya tsuguna yana kallo. Can sai wani baƙin zare ya fara tsattsafowa ta bayan ƙaramin faifan haƙoran da ke jan sarƙa, daidai inda ƙarfen giya ya fito daga inji. Robar da ke tare mai a wurin ce ta mutu. Ya kwance, ya ƙwaƙule tsohuwar, ya buga sabuwa, kafin shayinsu ya huce an gama. Shahat ya tafi gida yana washe baki.

Ba a je ko'ina ba ɗigon ya dawo. Aka sake roba, Milad yana tsine wa masu kayan jabu. Ya sake dawowa. Nan fa Milad ya daina wasa, ya ce gobe ya biyo ta nan da kayansa a kai, kafin ya sauke wa kowa. Da safe Shahat ya tsaya a ƙofar gareji da garewani cike maƙil. Milad ya ce kada ya sauka, ya durƙusa ya danna sarƙar da yatsa. Ko motsi, ta miƙe ƙam kamar igiyar guga da ruwa.

"Wa ke ɗaure maka sarƙar nan?"

"Ni mana. Duk Juma'a, bayan na wanke shi. Haka nake wa kekena."

"Yana tsaye ba kaya?"

"To da kaya ake wankin babur?"

Milad ya dafe kai. "Kai jama'a! Shahat, ka tsufa da wauta. Ka ɗaure ta tam yana fanko, ka loda masa madarar ƙauye guda ka hau. In ya zauna, sarƙar me za ta ja? Ƙarfen giya take ja. Duba nan." Ya girgiza faifan, ya yi lakab-lakab. Boris ɗin da ke riƙe ƙarfen ya lalace, ƙarfen kansa ya ci rami inda roba ke zama. Ko robar zinariya aka sa, mai zai samu hanya. Sai an sauke inji an raba shi biyu, kuma ƙarfen sai an aiko da shi daga birnin Asyut.

Abin da ya fi cin ran Shahat, da hannunsa ya yi, kuma cikin kula ya yi. Shekara da shekaru yana lallaɓa babur ɗin nan, ashe kashe shi yake.

"Kwana nawa?"

"Ya danganta da mai kawowa."

"Usta, madara ba ta san ya danganta ba."

Bai bar babur ɗin a gareji ba. Ya naɗe garewani da buhuna, ya cusa tsumma ƙarƙashin inji, ya riƙa wanke hannu da sabulu a kowane famfo har fatarsa ta tsage. Wari dai ya ƙi barinsa. Wannan gida su ce yau suna da saura, wancan su ce yara sun koma ta gwangwani. Kwandon Hajiya Ni'imat yana saukowa, amma tukunyar ciki ta koma ƙarama. Badariyya ta ce ya aro na wani. Wa zai ba da abin neman abincinsa? Ya gwada ɗaukar tuktuk na haya, irin a-daidaita-sahu, ya ƙi shiga ƙananan hanyoyin gona, rana ta take kafin su kai gari, rabin madarar ta tsinke. Ranar da giya ta fara gurnani saboda ƙarancin mai, ya turo babur ɗin da ƙafa har gareji ya jingine.

Zaman da ya yi a gida kamar zaman jinya. Kowace safiya yana jin wucewar wani matashi daga ƙauyen gaba, mai babur mai ƙafa uku, yana tsayawa a ƙofofin da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Bai ga laifin matan ba. Dabba in an tatse ta, madarar ba ta jiran kowa.

Da ƙarfen ya iso, Milad ya yi aiki na gani na faɗa. Ya haɗa inji, ya tayar, ya shafa yatsa a ƙasa ya nuna masa, a bushe ƙayau. Washegari Shahat ya zaga ƙauye. Gida biyu kacal suka ajiye masa, na ƙanwar matarsa da na wata tsohuwa da ba ta ji labarin komai ba. Abin da ya samu ko rabin garwa bai kai ba. Ya raba wa 'yan ƙofofin da suka rage, ya biya gareji da hantsi.

"Saura abu ɗaya," in ji Milad. "Sarƙar nan da kaya zan saita ta, kada mu koma gidan jiya. Ina kayan?"

"Wane kaya?"

Milad ya ƙwanƙwasa garwa, ta amsa masa da ƙarar fanko. Ya sosa ƙeya. Nauyi dai ake nema, ya ce, ga famfo can bakin titi. Shahat ya kwance garewanin ya jera su a gindin famfo, ya buɗe ruwa. Shi da ko cokali ɗaya bai taɓa ƙara wa madarar mutane ba, ga shi tsaye da rana tsaka, ruwa na kwarara cikin garwarsa, daura da gidan shayi cike da jama'a.

"A'a, Baba Shahat!" wani ya ɗaga murya daga can. "Ashe nan jamusar take!"

Gidan shayi ya kaure da dariya. Shahat ya juya musu baya, yana riƙe da garwar. Ya san kafin gobe maganar ta hau kowane bene a unguwar. Garwa ta cika har tana tumbatsa a kan takalminsa, Milad yana kiransa ya kawo ta biyu.