Jirgin Ruwan da Aka Gina a Masaka

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, da ni aka yi, kuma na san waɗanda suka san ni za su ce ai wannan bakinsa ba ya rabo da shaƙiyanci, to wallahi yau ba wasa. Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa mulki ba, Abuja sai gini ake ta ko'ina, kowa ya sayi salula yana ihu a titi, ni kuwa da na ajiye boko tun ƙaramar sakandare ina tura kurar ruwa a Masaka, nan bayan garin Abuja.

Cikin kwastomomina akwai wani tsohon sojan ruwa, muna ce masa Baba Kyaftin duk da ya ce bai taɓa zama kyaftin ba. Gidansa abin kallo ne, dogo siriri, tagogi zagayayyu kamar bakin tukunya, rufin kankare a shimfiɗe, ga tsanin ƙarfe a jikin bango ta waje, a ƙofa kuma wata ƙatuwar sarƙa ce ya ɗaure a turken ƙarfe. Shi kaɗai ne a ciki, amma kullum sai na cika masa tankin da zai ishi gidan haya.

Na ce, "Baba, kifi kake kiwo ne? Yaushe za mu tashi, in kwaso kayana ka sauke ni Legas?"

Ya ce, "Ja'iri, irin wannan ba ya zuwa ko'ina, aikinsa tsayuwa."

Nan ya zaunar da ni ya ce jirgin da ya yi aiki a ciki ba na fafatawa ba ne, bariki ne a kan teku, su suna ce masa uwa. Sai a kai shi nesa da gaɓa a jefa ƙarfen da ke riƙe shi, ya zauna wata da watanni. Cikinsa akwai asibiti, akwai garejin gyaran inji, ga rumbun abinci, ga mai, samansa fili ne na saukar helikwafta, gefensa tsani. Ƙananan jirage su fita sintiri su dawo, mutanen ciki su hau, su ci, su kwanta. Shi Baba injin cire gishiri daga ruwan teku yake kula da shi, ya ce duk wanda ya dawo, kafin ya ce yunwa sai ya ce ƙishi, don ruwa ne iya ganinka amma ba na sha ba.

Ashe ɗansa Nasiru a jirgin yake shi ma. Wata rana suka fita su uku a ƙaramin jirgi, wani mugun hadari ya taso, dole uwa ta matsa daga inda take, da aka koma babu su babu alamarsu. Baba ya ce abin da ke cin ransa shi ne yaran sun juyo inda suka bar uwa suka tarar ba kowa. Shi ya sa da ya yi ritaya ya gina wannan, ya rantse ba ya kwana a waje. Kai! Daga ranar na rage tsokana, ban dai daina ba, don shi ma in ban yi ba sai ya ce lafiya?

To sai ciwo ya kama shi, ƙafafu suka kumbura. 'Yarsa Anti Hadiza, a wata ma'aikatar tarayya take aiki cikin gari, ta yi magiya ta yi kuka ya zo a kai shi asibiti, ya ce in ya tashi su Nasiru suka zo fa? Ta gaji ta ce ranar Asabar za ta zo da mota da maza, ko da ɗauka ne.

Ranar Asabar ɗin bayan azahar, rani ne tsagwaronsa, na turo kura na shawo kwana, sai ga samari uku a gindin tsani cikin kakin sojan ruwa, jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga hannun rigarsu. Ni da bakina na ce, "Oga, wane ruwa ya dake ku, mu nan ko gajimare ba mu gani ba?" Ba wanda ya yi dariya. Na gabansu, mai wushirya da tabo a gira, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, nan ce uwa?"

Wallahi ban san sanda na ce eh ba. Ya ce, "Ƙishi." Na miƙa jarka, suka sha ɗaya bayan ɗaya, irin shan da ban taɓa gani ba, ba numfashi, sannan suka kama tsani suka hau.

Na faɗa cikin gida, sai na tarar da Baba, mutumin da ba ya iya juyi, a zaune. Ya ce, "Sun hau?" Na ce sun hau. Ya ce, "Ka ba su ruwa?" Na ce na ba su. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ja'iri. Je ka kwance sarƙa."

Ina tsugune ina fama da sarƙar motar Anti ta tsaya, ta shiga, sai salati na ji. Allahu akbar, Baba ya cika.

Ni na hau rufin, ba kowa, kuma ba wata hanyar sauka sai tsanin da nake kusa da shi. Sawun takalma ne kawai a jiƙe, rana na busar da su suna komawa fari, na dangwala na lasa, gishiri. Da na gaya wa Anti ta ce in daina shirme yau ba ranar wasa ba ce, sai na ce mata wushirya da tabo a gira, ta dube ni, ta zame ta zauna a ƙasa da kayan jikinta masu tsada. Ni ko hoton Nasiru ban taɓa gani ba.

Jarkar nan na wanke ta da omo, na wanke da toka, duk ruwan da na zuba sai ya yi gishiri, kuma na kasa yar da ita, tana nan bayan ɗakina. Ban san me na gani ba, ban kuma tambayi malami ba. Ku dai in kun ga tsoho yana jiran wanda kowa ya ce ba zai dawo ba, ku bar shi ya jira. In kuma baƙo ya ce muku ƙishi, ku fara ba shi ruwa kafin tambaya.