Ranar da Saje Bawa ya sa hannu

Ban taɓa mantawa da wata Laraba a farkon damina ba, ina shekara ta huɗu a kan kujerar sakataren asusun karatu na ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji a nan Zuru. Tun da ku ne za ku karɓi aikin nan daga hannuna, gara ku ji labarin daga bakina.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, ga yadda yake. Duk ɗan ƙungiyar da ɗansa ko 'yarsa ta samu gurbi a babbar makaranta yana iya neman rance. Zai cika fom, ya haɗa da takardar shaidar samun gurbin, ya kawo 'yan ƙungiya biyu da za su tsaya masa, sannan shi kansa ya sa hannu. Kwamitin mutum biyar ya zauna ya duba. In an amince, makarantar ake biya kai tsaye, ba a damƙa wa kowa kuɗi a hannu. Babu ruwa a kan rancen, kuma ba a fara biya sai yaro ya gama ya kama aiki. Ni, Kofur Danladi, akawu ne tun ina cikin kaki, shi ya sa aka ɗora mini takardun. Shugaban kwamitinmu a lokacin Kyaftin Ishaku ne.

A ranar, wata yarinya ta sauka daga kabu-kabu, ƙafafunta duk laka. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Rifkatu, 'yar Saje Bawa ce daga Danko. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kebbi, saura kwana goma a rufe rajista. Na duba fom ɗinta, komai ya cika tsaf, sai layi ɗaya.

"Ina sa hannun babanki?"

"Baba, ya ƙi," in ji ta. "Ya ce shi bai taɓa cin bashi ba, ba zai fara da furfura a kansa ba. Wai in jira sai kaka, in ya sayar da dawa."

"Kin gaya masa ba za su jira ki ba?"

"Na gaya masa. Ya ce to, baɗi."

Ba ta yi kuka ba. Sau biyu ta zauna jarrabawar kafin ta samu wannan gurbi.

Washegari na hau babur na tafi Danko. Na same shi a gona yana bin shanun huɗa. Saje Bawa mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, yana cikin waɗanda suka kafa asusun, kuma ba a taɓa bin sa kuɗin wata ba. Ya saurare ni har na gama, ya share gumi.

"Kofur, shekara bakwai na yi ina golmo, noman neman aure, a gonar surukina kafin a ba ni uwar yarinyar nan. Da gumina na biya. Na yi aikin soja na fito, ba mai bi na ko sisi. Yanzu kana so a karanta sunana a taro cikin masu bashi?"

Na ce, "Oga, asusun nan da kuɗinka aka fara shi."

"Don masu buƙata na zuba. Ka gaida gida."

Ya juya ya ci gaba da huɗarsa. Haka na dawo, ba a ma kai ga buɗe jakar takarduna ba.

Da kwamiti ya zauna, wani daga cikinmu, ba sai na faɗi sunansa ba, ya ce, "Kofur, kai ka san sa hannun Bawa. Ka zana shi kawai, yarinya ta tafi. Wa zai sani?" Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta ɗan karkata, don fuskar yarinyar ba ta bar idona ba. Amma na ce a'a. Ran da aka ji sakatare yana zana hannun mutane, ko don alheri ne, daga ranar babu wanda zai sake yarda da takardar da ta fito daga ofishin nan. Kyaftin Ishaku ya goyi bayana, sannan ya ce shi ma ba zai ba Bawa oda ba, tun da duk mun tuɓe kaki. "Ka nemo wata hanya, Kofur. Kana da mako guda."

Na koma ofis na sauko da tsofaffin fayil, ina neman ko an taɓa samun irin wannan a baya. Ban samu ba. Abin da na yi ta cin karo da shi shi ne sa hannun Saje Bawa a layin masu tsayawa. Yara shida ya tsaya wa, Kirista da Musulmi, daga Ribah har Wasagu. Mutumin da ba ya karɓa ya fi kowa tsaya wa masu karɓa.

Na bi iyayen nan ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu halin da ake ciki. Huɗu suka ce za su zo. Cikinsu akwai Malam Umaru na Ribah, wanda suka yi bataliya ɗaya da Bawa, ɗansa kuma yana karatun aikin gona da rancenmu. Shi ne ya ce mini, "Ka zo da fayil ɗin ɗana. Kada ka tambaye ni dalili."

Ranar Asabar da hantsi muka isa Danko a kan babura uku, Kyaftin yana gaba. Bawa ya shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, aka kawo kunu, aka gaisa da Hausa, aka gaisa da C'lela. Da ganin fuskarsa ya san abin da ya kawo mu, kuma ya shirya amsarsa. Sai Malam Umaru ya karɓi fayil daga hannuna, ya buɗe, ya ajiye a gaban Bawa tare da biro.

"Bawa, ba maganar 'yarka ta kawo ni ba. Zuwa na yi ka soke hannunka daga takardar ɗana."

Bawa ya ɗago kai. "Me na yi maka, Umaru?"

"Na ji ka ce rancen nan abin kunya ne. Ashe ran da ka tsaya mini, kallon mai abin kunya kake yi mini ban sani ba. Na zaci ɗan'uwa ne ya tsaya wa ɗan'uwa. In sadaka ka yi mini, ba na so. Soke."

Sauran ukun suka ce su ma a soke nasu. Ba wanda ya ɗaga murya. Ni kuwa na san Bawa yana da zuciya, yana iya sokewa, mu tashi da fayil huɗu marasa mai tsayawa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, a hankali, "Ban taɓa ganin ka a ƙasa da ni ba, Umaru. Kai ka sani."

"To ka bar ni in tsaya maka sau ɗaya. Ko hannuna bai kai ba ne?"

Bawa ya rufe fayil ɗin, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya juya wajen ƙofar gida ya kira, "Rifkatu! Kawo takardar nan." Ta fito da sauri, ashe tana bayan zana tana jin komai. Ya ɗora fom ɗin a gwiwarsa ya sa hannu, baƙi bayan baƙi, kamar yadda aka koya mana a barikin horo. Malam Umaru ya sa nasa a layin mai tsayawa na farko. Layi na biyu kuwa sai da aka yi gardama a kansa, kowa yana cewa shi ne, har Kyaftin ya raba ta da cewa wanda ya fi tsufa ya sa.

Da Bawa ya miƙo mini fom ɗin, sai ya ce, "Kofur, ranar taro ka karanta sunana da ƙarfi. Kada ka yi ƙasa da murya."

Ran Litinin kwamiti ya amince, ran Talata na je banki na biya makarantar, Rifkatu ta yi rajista saura kwana uku a rufe. A taron wata na karanta sunan Bawa kamar yadda ya ce. Ya miƙe tsaye ƙyam ya amsa. A shekarar nan mutum uku da na san suna ɓoye buƙatarsu suka zo suka karɓi fom. Rifkatu ta gama, tana aiki yanzu a wani asibiti a wajen Wasagu, kuma ta biya rancenta da kanta kafin wa'adi ya cika.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, aikin sakatare bai tsaya ga tattara takardu ba. Mutanenmu sun saba bayarwa, sun ba da ƙuruciyarsu, wasu sun ba da lafiyarsu, amma ba wanda ya taɓa koya musu karɓa. Wanda ya zo ofis da ƙafarsa aikinsa mai sauƙi ne. Ku riƙa cigiyar wanda bai zo ba. In kun same shi, kada ku taka doka don ku taimake shi, kada kuma ku karya masa mutunci. Ku nemo masa 'yan'uwan da zai iya karɓa daga hannunsu kansa a ɗage. Na yi shekaru a kan kujerar nan, kuma in aka tambaye ni ranar da na fi alfahari da ƙungiyarmu, ita ce ranar da na ga tsofaffi suna gardama a kan wa zai ɗauki nauyin 'yar wani.