Takardar da Na Cika Sau Biyu

Har yau ban manta da wata safiyar Talata ta watan Yuli ba, a hutun da na fara aiki a shagon babura na Kawu Sa'idu a Madawa. Abin da na fara lura da shi da na iso shi ne warin sabon fenti. Ba daga cikin shago yake fitowa ba, domin ko ƙofa ba a buɗe ba. Daga jikin wani babur ne da aka jingine da bango. Taɓo ya rufe shi har fitila, amma a ƙarƙashin kujera, dama da hagu, akwai wuri biyu kamar faɗin tafin hannu, baƙi wuluk, suna sheƙi. Wani dattijo yana tsugune kusa da shi, ya dafa tankin da hannu ɗaya.

Na gaishe shi a hankali na wuce. A lokacin ko gaisuwa sai na tattara ƙarfina nake yi.

Ku da za ku zauna a kujerar nan bayana, bari in fara da yadda aikin yake, don ku gane inda na yi kuskure. Kawu shi ne mai shago, shi ne ya sa hannu da kamfanin da ke kawo baburan. A bayan shago akwai garaji, babban makanike kuwa shi ne Shef Garba. Ni ce ta ƙarshe. Na gama kwaleji a shekarar, Kawu ya ce tunda ina karanta Faransanci kuma rubutuna yana da kyau, in zo in riƙa cika takardu maimakon zaman gida.

Kowane sabon babur yana fita da garanti, wato alkawarin kamfani cewa idan wani abu ya lalace saboda ƙira cikin watannin farko, su za su gyara. Idan mutum ya dawo da babur, ni nake cika takardar karɓa, wadda muke ce wa fish. A rubuta suna da gari da lambar inji. A duba karne, ƙaramin littafin da ake buga wa hatimi duk lokacin da aka canja baƙin mai. Daga ƙasa kuma akwai wani akwati inda ake rubuta duk abin da aka ƙara wa babur, ko aka cire, ko aka yanke, bayan fitarsa daga shago. Sannan Shef ya ɗauki hotuna, a haɗa da fish, a tura wa wakilin kamfani a Yamai ta waya. Sau ɗaya ake tura wannan haɗin, wato dosiye. Idan aka ƙi shi, ba a sake buɗe maganar.

Dattijon sunansa Malam Illa, mutumin Bangi. Kayan koli yake kaiwa kasuwannin mako, allura da zare da madubi da sabulu. Ya ce bijimin sansa na noma ya sayar ya sayi baburin, wata huɗu da suka wuce. Ran Lahadi yana dawowa daga kasuwa inji ya fara ƙara kamar ana daka, sai ya tsaya cak. A saman motar kasuwa aka kawo shi.

Ya zaro karne daga cikin leda uku, ɗaya cikin ɗaya. Hatimi ya cika, bai tsallake ko ɗaya ba. Tun daga Bangi yake zuwa don a canja masa mai a wurinmu.

Na yi masa tambayar da ke kan takarda, idona a ƙasa. "Baba, an ƙara masa wani abu?"

"Ko allura, ɗiyata. Yadda kunka ba ni shi, haka shike."

Na fita da takarda na zagaya baburin kamar yadda aka koya mini. Da na duƙa kusa da fentin, na ga ƙarfen ya yi ƙuraje a ƙarƙashinsa, alamar an yi walda a wurin sannan an goge. A gefen batir kuma akwai wayar wuta ja da aka naɗe da sabon salatif, ko ƙura bai kama ba. Na ɗago. Malam Illa yana kallona, ya cire hularsa yana murza ta a hannu. Na ga yatsansa babba da baƙin fenti a gefen farce.

Na koma kan tebur na rubuta a cikin akwatin: babu komai.

Ba zan ce mantuwa na yi ba. Na gani sarai. A tunanina, duk baburin da aka taɓa, garantinsa ya mutu gaba ɗaya, domin haka nake jin 'yan kabu-kabu suna faɗa a bakin shago. Na tuna da bijimin da aka sayar, ga damina ta kankama, sai na ga kamar kalma biyu ba za su cuci kowa ba.

Kawu ya tafi Tawa a ranar, saboda haka Shef na miƙa wa takardar. Shef Garba mutum ne mai tsawo, ba ya son surutu da safe, kuma kullum akwai asuwaki a bakinsa. Ya karanta, ya sa aka turo baburin cikin garaji, ya zagaya shi sau ɗaya. Sai ya kori masu taya shi aiki su je su sha shayi, ya kira ni.

"Cima, zo ki riƙa mini tocila."

Rana ta fito tar, babu abin da za a yi da tocila. Na zo na riƙe. Ya kama hannuna ya kai hasken daidai kan fentin, ya bar shi nan. Sannan ya kai shi kan salatif ɗin.  

"Ke da kike ganin ƙudan da ya faɗa kofin shayina tun daga ƙofa," in ji shi, "wanga ne ba ki gani ba?"

Na ce, "Na gani, Shef."

"To madalla. Da kin ce ba ki gani ba, da na ji tsoro."

Ya zauna kan wata tsohuwar taya ya yi mini bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji a waje. Ya ce mutumin Yamai aikinsa ke nan, kallon hotuna daga safe zuwa yamma. Zai ga waldar kafin ya gama zama. Idan hoto ya ce an taɓa, takarda ta ce ba a taɓa ba, ba zai ƙara duba inji ba. Zai rubuta cewa an ɓoye gaskiya, ya rufe dosiye. Daga ranar kuma duk takardar da ta fito daga shagon Kawu sai an yi mata kallon tuhuma.

"Taimakonsa kika so yi, na sani. Amma da wannan takarda ta tafi, da ke kin kashe masa inji da hannunki."

Hawaye suka zubo mini. Ya yi kamar bai gani ba, ya nuna mini gefen inji. A kan kowane noti akwai ɗigon fenti rawaya, rabi a kan notin, rabi a jikin inji. Ya ce daga kamfani ake sa shi. Duk wanda ya kwance noti, ɗigon zai rabe biyu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila. Babu wanda ya rabe.

Nan ne na koyi abin da ban sani ba. Garanti ba ƙwai ba ne da zai fashe gaba ɗaya. Abin da ka taɓa, da abin da taɓawarka ta lalata, shi ne ke fita daga alkawari. Wanda ya yi walda a jikin shasi, wato ƙashin babur, ya rasa garantin shasi. Wanda ya yanke waya ya rasa na wuta da batir. Amma inji, idan ba a buɗe shi ba, kuma an canja mai a kan lokaci, maganarsa daban ce, sai fa idan kamfani ya nuna cewa ƙarin da aka yi ne ya jawo lalacewar.

Ya miƙo mini takardar. "Ki yaga da kanki. Ki ɗauko sabuwa. Sannan ki kira mini tsohon."

Malam Illa ya shigo yana sallama. Shef ya dangwala yatsa a fentin, ya ɗago, yatsan ya yi baƙi.

"Malam Illa, ashe har sana'ar fenti kuke yi a Bangi? Ka zo ka yi mini ɗakina mana, tunda hannunka ya faɗa."

Dattijon ya yi wata 'yar dariya ta kunya. "Shef, ka rufa mini asiri gaban ɗiya."

"Ɗiyar ta riga ni gani. Faɗa mini, mi anka cire?"

Sai ya faɗi komai. Ya sa an yi masa waldar babban mazaunin kaya a baya, don akwatin koli ya zauna. Ya kuma sa an jawo waya daga batir, saboda a unguwarsu babu wuta, maƙwabta a jikin baburinsa suke cajin waya. Da inji ya tsaya, abokansa na tasha suka ce idan ya kai shi haka za a kore shi, gara ya mayar da shi yadda yake. Jiya Litinin ya wuni wurin mai walda ana yankewa ana gogewa. Fentin kuwa shi ya shafa da kansa.

"Har wani ya ce a buɗe injin a duba kafin in kawo," in ji shi. "Sai mai gyaran ya ce ba shi da sifanar da ta dace."

Shef ya cire asuwaki daga bakinsa. "Ka je ka yi wa mutumin nan kyautar sabulu. Rashin sifanarsa ne ya cece ka."

Na cika sabuwar takarda a gabansu. Na rubuta walda wuri biyu, an cire, an shafa fenti. Na rubuta waya ɗaya da aka yanke aka naɗe. Na rubuta cewa ɗigon notocin inji duka lafiya, karne cikakke. Shef ya sa na karanta wa Malam Illa da Hausa kafin dattijon ya dangwala yatsa a kanta. Da na zo kan waldar, ya ce, "Ɗiyata, wanga ba za a iya rage mishi gishiri ba?" Na girgiza kai. Ban iya ɗago ido ba, amma ban goge ba.

Amsa ba ta zo da sauri ba. Kwana uku bayan haka wakilin ya kira, ya ce mazaunin kaya irin wannan yana nufin lodi mai nauyi, wataƙila lodin ne ya kashe inji. Ina jin Shef yana amsa masa da Faransancinsa na garaji. Ya ce a ba shi izini ya buɗe a gaban kyamara, kowa ya gani. Aka ba shi. Ni na riƙe wayar. Da ya cire murfin, ya zaro wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora daga famfon da ke zagaya mai a cikin inji. Ya tsage gida biyu. Shef ya juya shi a gaban wayar ya ce allura da madubi ba sa tsaga wannan.

A kwanakin nan Malam Illa bai je kasuwa ko ɗaya ba. Kullum bayan azahar sai ya kira wayar shago. Ba ya tambayar komai kai tsaye, sai ya gaishe ni, ya tambayi ruwa a Madawa, ya jira in yi magana. Ni kuma in ce, "Ba su amsa ba tukuna, Baba."

Ran kwana na tara suka amsa. Sun karɓi gyaran inji. Shasi da wayoyin wuta kuwa sun rubuta cewa sun fita daga garanti. Da kayan gyaran suka iso aka haɗa, Shef ya nuna wa Malam Illa ramuka huɗu da kamfani ya bari a ƙarƙashin kujera, inda ake ɗaura mazaunin kaya da noti ba tare da walda ba. Dattijon ya daɗe yana kallonsu.

"Wata huɗu ina zaune bisa su," ya ce. "Ba wanda ya gaya mini."

Ya tayar da inji, ya saurara, ya yi hamdala. Ya yi wa Shef addu'a mai tsawo, ya yi mini tawa. Na karɓa da kunya, domin na san abin da na kusa jawo masa.

Shef bai taɓa gaya wa Kawu maganar takardar farko ba, bai kuma sake tayar mini da ita ba. Wannan alheri ne da ban san yadda zan rama ba. Abin da na ɗauka daga wurinsa shi ne, a wannan aiki tausayi ba ya cikin abin da ka ɓoye. Mutanenmu kuma ba maƙaryata ba ne. Babur a wurinsu jaki ne, shago ne, wutar unguwa ne, dole su gyara shi ya dace da rayuwarsu. Tsoro ne ke sa su ɓoyewa, tsoron kuwa daga rashin sani yake.

A satin da ya biyo baya na fara kallon abin da ke faruwa idan an sayi sabon babur. A yi addu'a, a miƙa makulli, a miƙa takardar garanti mai ƙananan rubutun Faransanci. Mai babur ya ninke ta ya sa a aljihu. Daga cikin biyar da na bi da ido, uku ko gida ba su je ba, titi kawai suka tsallaka zuwa rumfar mai walda.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tarar da Kawu shi kaɗai a shago. Na tsaya bakin tebur har ya ɗago ya ce, "Cima, lafiya?" Na gaya masa abin da na rubuta a takardar farko, tun daga farko har ƙarshe. Ya tsura mini ido. Kafin ƙarfin halina ya ƙare na ce:

"Kawu, ina roƙon abu ɗaya. Duk wanda ya sayi babur, kada a ba shi makulli sai ya zauna nan na karanta masa takardar da Hausa, Shef kuma ya nuna masa inda zai taɓa da inda zai bari. Ba zan daɗe ba, Kawu. Kuma zan ɗaga murya."